Fijon Baba da Hancin da Aka Toshe

Fijo 504 ɗin da mahaifina ya bar mini, Allah ya jiƙansa, fara ce, haɗin Kaduna. A nan Kakuri aka haɗa ta, a masana'antar da ta fara fitar da motoci a 1975, shi kuma ya saye ta sabuwa fil a 1983 da rancen mota na ma'aikata. Bayan rasuwarsa ta shekara huɗu a gindin darbejiyar ƙofar gida, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta. 'Yan'uwa suka ce a kira 'yan gwangwan su auna ta a raba kuɗin. Na ce a yi mata kuɗi a cire daga rabona. A kujerar bayanta na haddace hanyar Zariya, ba zan iya tsayawa ina kallo ana sare ta da gatari ba.

Tayar da ita bai ba ni wuya kamar yadda na zata ba. Sabon batir, fulogai, wankin kafireta, juyen mai, sai ga ta tana ruri. Abin da ya biyo baya ne ya kusa sa in saduda. Duk inda na ajiye ta, kafin in dawo ta yi ɗigon baƙin mai a ƙasa. Gejin mai kuwa, wannan siririn ƙarfen da ake zarowa a duba, in na soka shi har ƙarshe da safe, kafin yamma sai in tarar ya ɗago da kansa, gefensa jagab da mai. Ga wani wari mai hawa kai da ke shigowa cikin mota. Ranar da na ɗauki iyali zuwa Zariya, ko Jaji ba mu kai ba ƙaramar 'yata ta fara amai, uwarta ta ce ita da wannan motar sai dai kallo daga nesa.

Sau biyu wani gareji ya canza mini gaskit ɗin murfin sama da na kwanon mai na ƙasa. Kowane karo sai ta yi sati biyu fes, sannan ɗigon ya dawo ta wata kusurwar. A karo na uku suka ce injin ya gaji, sai an sauke shi, suka yanka mini kuɗin da ya haura albashina na wata biyu.

Wani abokin aiki ne ya kwatanta mini wani dattijon bakanike da ya yi zamani da waɗannan motoci tun suna yayi. Na same shi a kan benci yana jan carbi. Ya sa na buɗe bonet, ya ce in bar ta a kunne. Bai taɓa sifana ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya bi wani baƙin tiyo mai kauri da yatsa, daga murfin da ake zuba mai har zuwa inda ya kamata ya shiga tukunyar tace iska, wadda su ke kira iyakilina. Tiyon bai kai can ba. An zare shi an lanƙwasa shi gefe, an cusa masa tsohon fulogi a baki, an ɗaure tam da waya.

"Ɗana, wa ya yi maka wannan aikin?"

"Wallahi Baba, haka na gaje ta."

Ya kwance wayar, ya zare fulogin da filaya. Nan take wani farin huci ya yi tsartuwa daga tiyon, har da ɗan sauti. Ya miƙo mini fulogin ya ce, "Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. An toshe mata hanci, ta ina kake so ta yi numfashi in ba ta gaskit ba?"

Fulogin yana cikin durowata har yau. Daga ranar na shiga neman sanin abin da ke faruwa a cikin inji, ina tambaya ina karantawa, kuma na tarar wannan ɗan tiyon da ba wanda ke kulawa da shi yana da dogon labari.

A ɗauki fistin kamar taɓarya a cikin turmi, tana hawa tana sauka. A samanta fetur da iska ke kamawa da wuta, ƙarfin fashewar ya danna ta ƙasa. A ƙarƙashinta kuwa akwai wani babban fili rufaffe, ni ina kiransa tumbin inji, inda ƙarfen da ke juya mota yake wulwulawa a saman baƙin mai. Abin da ya raba sama da ƙasa 'yan zobba ne na ƙarfe da ke kewaye da fistin, su ne ringi. Ringi ba cikakken zobe ba ne. Da gangan ake barin 'yar tsaga a jikinsa, ƙasa da milimita ɗaya, don in ya yi zafi ya buɗe kada ya cije. Ta wannan tsaga, da ta gefen da ya lashe, wani abu daga cikin iskar da ta ƙone yake sulalewa ƙasa a duk fashewa. Sabon inji ma yana yi, tsoho dai ya fi. Injin Fijona silinda huɗu gare shi. In yana juyi 3,000 a minti, kamar yadda yake yi a kan babbar hanya, wuta na tashi sau 6,000 ke nan a minti, wato sau 100 a daƙiƙa guda. Ko ɗan ƙanƙani ne ke tserewa a kowane karo, a lissafa abin da zai taru daga Kaduna zuwa Zariya.

Kuma ba iska ce zalla ba. Akwai fetur ɗin da bai ƙone ba, wanda ke tsinka baƙin mai har ya rage santsi. Akwai baƙin toka. Akwai kuma ruwa, wanda shi ne ya fi ba ni mamaki: duk litar fetur da ta ƙone tana haifar da kusan litar ruwa a matsayin tururi. Mafi yawansa ta salansa yake fita, shi ne ɗigon da ake gani a bakin salansa da sanyin safiya. Wanda ya gangara tumbi kuwa, in ya tarar da ƙarfe mai sanyi sai ya koma ruwa, ya gauraya da mai da toka da sinadarai masu tsami da ke cin ƙarfe, ya zama wani baƙin caɓi mai kama da kwalta. Wannan caɓin ne ke toshe ƙananan hanyoyin da mai ke bi, har wata rana a ji an ce inji ya buga.

Shi ya sa dole a bar wa tumbin ƙofa. In an rufe ta, iskar za ta taru ta kumbura, ta nemi inda ya fi rauni. Ta tura mai ta gaskit, ta tura ta bakin sil, ta ɗaga geji. Wanda ya canza gaskit bai buɗe ƙofar ba, ya yi aikin baban giwa. An gudu ba a tsira ba, kamar yadda ya faru da ni har sau biyu.

Masu ƙera motocin farko ba su wahalar da kansu ba, barin iskar suke yi ta fice ta duk inda ta samu. Daga wajen ƙarshen shekarun 1920 aka fito da wata dabara: bututun ƙarfe da ke fitowa daga gefen inji ya sauka ƙasa, bakinsa a buɗe yana kallon titi. In mota na gudu, iskar da ke wucewa ta bakin bututun sai ta riƙa zuƙo hucin tana yarwa, sabuwar iska kuma ta shiga ta murfin zuba mai, wanda aka cusa wa ragar waya don ta tare ƙura. Wanda ya taɓa leƙa bayan tsohuwar Volkswagen ɗin nan mai kama da kunkuru zai tuna wani siririn bututu da ke sauka daga wuyan zuba mai. Shi ne. Dabarar tana aiki, amma sai mota na tafe da ɗan sauri. A cunkoso, ko a motar da aikinta tsaya nan tsaya can ne kamar ta masu raba wasiƙu, bututun ba ya jan komai, caɓi ya yi ta taruwa. A hotunan manyan titunan Amurka na wancan zamani ana ganin baƙin layi a tsakiyar kowane hannu, ɗigon man dubban motoci ne.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan bututu hazo ne. Tun daga 1943 mutanen birnin Los Anjalis suka fara fama da wani hazo mai sa ido yaji da hawaye, ba kuma irin namu na hunturu da iska ke kwasowa daga sahara ba. An zargi masana'antu, an zargi masu ƙona shara. Wani masanin sinadarai haifaffen ƙasar Holan, Arie Haagen-Smit, wanda ke koyarwa a jami'ar Caltech, kuma a da bincikensa a kan ƙamshin abarba yake, shi ya nuna a farkon shekarun 1950 cewa tururin fetur da hayaƙin ƙuna ne hasken rana ke dafawa su zama wannan hazo. Da aka bi sawu, masu bincike na kamfanin General Motors suka gano a 1958 cewa kaso mai tsoka na ɗanyen fetur ɗin da mota ke zubarwa a iska ba ta salansa yake fita ba, ta wannan bututun na ƙasa ne.

Maganin kuwa yana nan ajiye tun Yaƙin Duniya na Biyu. Motocin soja da ake so su ratsa kogi ba a bar musu buɗaɗɗen bututu a ƙasa, don ruwa zai shiga. Sai aka juya hucin aka mayar da shi bakin inji, ya sake shaƙa ya ƙona. Wannan tsari aka ɗauko aka sa wa motocin gida. Sababbin motocin da aka sayar a jihar Kalifoniya samfurin 1961 su suka fara fitowa da shi, kafin 1964 kuma ya game yawancin sababbin motocin Amurka. Shi ne ake kira PCV, kuma shi ne na'urar farko da aka sa wa mota don rage gurɓata iska. An yi shi don lafiyar mutane, sai ga shi inji ma ya amfana: mai ya daɗe bai lalace ba, caɓi ya ragu.

Bawul ɗin PCV bai wuce babban yatsa ba, amma akwai hikima a cikinsa. Lokacin da inji ke silo, zuƙar da ke cikin manifol, wato bututun da ke kai iska da fetur ga silinda, tana da ƙarfi ƙwarai, alhali hucin kaɗan ne. In an taka totur kuwa zuƙar ta ragu, hucin ya yawaita. Abu biyu masu saɓani. Sai aka sa ɗan ƙarfe a kan sifirin a cikin bawul ɗin: a silo zuƙa ta ja shi ya matse hanya, a gudu sifirin ya mayar da shi hanya ta buɗe. In kuma inji ya yi atishawa wuta ta dawo baya, sai ya rufe ruf, kada wutar ta kai ga tumbi mai cike da tururin fetur. Wasu motocin Turai ba su sa bawul ba, ɗan ƙaramin rami aunanne suka bari a maimakonsa. Tawa irin wannan ce: tiyo mai kauri zuwa iyakilina, siriri zuwa manifol, ragar waya a cikin murfi. Mai kaurin an toshe shi da fulogi, siririn kuma datti ya liƙe raminsa, ragar ta daskare kamar an tsoma ta a kwalta.

Na san dalilin wanda ya cusa fulogin, kuma ban ɗauke shi mugu ba. In inji ya tsufa, hucin na tahowa da feshin mai, ya jiƙa matatar iska, ya ɓata kafireta, mota ta riƙa sheshsheka. Mai mota ya zo da ƙorafi, yana sauri, ba ya son kashe kuɗi. Hanya mafi sauƙi ita ce a zare tiyon. Daga nan gyaran ya kasu biyu a garejojinmu: ko a toshe shi, ko a sake shi yana lilo a gefen inji. Na biyun ya fi na farko sauƙin illa, amma a ƙasarmu shi ma ba abin yi ba ne, kuma a nan nake da ja da masu cewa ai haka Turawan da suka ƙera motocin farko suka bar shi. Fistin na hawa yana sauka, inji na zafi yana hucewa, don haka buɗaɗɗen tiyo ba fitarwa kawai yake yi ba, yana shaƙa. Me zai shaƙa a hanyar ƙauye a watan Janairu, a bayan tirela? Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar gari, in ta shiga mai sai ta zama abin wasa ƙarfe, ta ci ringin da dama ya gaji. Da damina kuma ga kududdufi. Sannan ramin da aka zare tiyon daga jikinsa, a iyakilina ko a manifol, sau da yawa a buɗe ake mantawa da shi, inji ya yi ta zuƙar iskar da ba a tace ba, silo ya ƙi daidaita, a yi ta murɗa kafireta a banza. A je tashar da tsofaffin a-kori-kura 404 da 504 ke lodin kayan gwari, a leƙa ƙarƙashin bonet, za a ga abin da nake faɗa.

Aikin da dattijon nan ya yi mini bai kai awa biyu ba. Ya jiƙa murfin da ragarsa a kalanzir, yaronsa ya yi ta girgizawa yana zubarwa har ruwan ya fara fitowa garau. Ya zura siririyar waya ya buɗe ramin manifol, ya gargaɗe ni kada in bar kowa ya faɗaɗa shi da ƙusa, don girmansa a aune yake. Tsofaffin tiyoyin sun ƙandare, sai ya aiki yaro Panteka ya samo irin waɗanda ke jure mai da zafi. Tiyon ban ruwa ba ya wannan aiki, laushi yake yi ya manne, ka koma gidan jiya ba ka sani ba.

Sannan ya koya mini yadda ake sauraron inji, abin da kowane mai tsohuwar mota zai iya yi a ƙofar gidansa. A bar mota ta ɗumama sosai, tana silo, a cire murfin zuba mai a kara tafin hannu daga ɗan nesa, a kula da fanka da bel. In ɗan huci ne mai laushi, lafiya lau. In kuwa yana bugun hannu fuf-fuf-fuf kamar jirgin ƙasa na gawayi, da hayaƙi mai kauri, to ringi sun tafi, wankin raga ba zai dawo da su ba. Motar da ke da bawul ɗin PCV, in an ɗora 'yar takarda a bakin ramin ya kamata a ga yana ɗan riƙe ta. Shi kansa bawul ɗin a cire a kaɗa shi a kunne: mai rai yana ƙaras-ƙaras, wanda ya yi shiru ya cije. A duba bayan murfi kuma. In an ga wani farin abu kamar kindirmo, ruwa ne ya haɗu da mai. Sau da yawa gajerun tafiye-tafiye ne ke kawo shi, daga gida zuwa masallaci, daga masallaci zuwa kasuwa, inji bai taɓa yin zafin da zai kori tururin ba, musamman da sanyi. Doguwar tafiya guda takan share shi. Amma in ruwan lagireto na raguwa tare da haka, a hanzarta, wataƙila gaskit ɗin kan silinda ne ya ƙone.

Kafin kowa ya yarda a sauke masa inji, ya nemi a auna matsin kowace silinda da agogon awo. Ana cire fulogi a ɗaura agogon a murza. Lambobin su kasance kusa da juna, bambancin kada ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. Wadda ta gaza, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake aunawa. In lambar ta tashi, ringi ne, domin man ya ɗan liƙe tsagar. In ba ta motsa ba, a nemi laifin a bawulolin sama ko gaskit. Awon minti ashirin ne, amma yana raba mutum da kashe kuɗi a kan zato. Da aka auna tawa, silinda ta uku ce kawai ta ɗan yi ƙasa.

Saboda ita ne feshin mai bai ɗauke gaba ɗaya ba, sai muka sa gwangwanin tara mai a tsakiyar tiyo mai kaurin. Ƙaramin gwangwani ne na ƙarfe mai baki biyu, da sosan ƙarfe a ciki: huci ya shiga, mai ya maƙale ya gangara ƙasa, iska ta wuce iyakilina. Nakan ga wasu sun rataya gorar ruwa ta roba a wurin. Roba na narkewa kusa da inji, kuma in ba a bar mata mafita ba, toshewar ce dai aka sake yi da wata siga. Wanda kuma motarsa ta zamanin bututun ƙasa ce, kamar tsohuwar Land Rover, yana iya sa mata PCV, sai dai da sharaɗi: bawul ɗin ya zama na inji mai kusan girman nasa, a sa ɗan faranti a ciki ya tare feshin mai kada a zuƙe shi, a bar hanyar shigar iska tatacciya ta ɗaya ɓangaren, a kuma sake saita kafireta. In aka ɗauko kowane bawul aka liƙa, ko silo ya lalace ko mota ta koma shan mai. Kada kuma a cika mai ya haura layin geji. Tawa lita 4 take ci, kuma duk abin da ya ƙaru a kai fesowa yake yi.

Batun warin cikin mota shi ne wanda ba na so a ɗauke shi da wasa. Hucin tumbi na sa ciwon kai da tashin zuciya, amma yana iya ɓoye abin da ya fi shi haɗari. Iskar nan mai guba da ke hallaka iyali guda a ɗaki in an kwana da janareta, ita ce dai ke fita daga salansar mota, kuma ba ta da wari ko launi. Tsohuwar mota da robobin bangon da ke tsakanin inji da direba suka ruɓe, ƙasanta ya yi tsatsa, salansa ta huje, tana iya tara wannan iska a ciki, musamman in an rufe gilasai saboda ƙura. Don haka bayan gyaran tiyo, sai da na sa aka bi salansar tun daga inji har wutsiya, aka yi waldar wuri biyu, aka toshe kowane rami a bangon da sabuwar roba. Direban da ya ji barci na fizgarsa da ciwon kai ba dalili, ya tsaya ya fito ya sha iska, kada ya ce zai daure ya ƙarasa. Kuma ba a ɗumama mota a rufaffen gareji.

Yanzu shekara biyu ke nan. Duk juyen mai nakan wanke ragar da kalanzir da hannuna, in juye gwangwanin, wanda ke tara kamar rabin kofin shayi tsakanin juye da juye. Kwalin da nake shimfiɗawa a ƙarƙashinta da dare yakan kwana a bushe. Gaskit ɗin da garejin farko ya sa har yau su ne a jiki. Silinda ta uku tana nan tana jiran ranarta, ina tara kuɗin ringi a hankali, dattijon ya ce in dai gwangwanin bai fara cika kafin lokacin juye ba, kada in yi gaggawa. Da ƙaramar sallar da ta wuce mun je Zariya gaba ɗayanmu, gilasai a rufe saboda yayyafi, yarinyar ta yi barcinta a kujerar baya tun daga Kawo har Ƙofar Doka.